Harafin da ke takaba a cikin Laraba

Larai ake ce mini a gida, saboda ranar Laraba aka haife ni. Garinmu Maiwurno, a ƙasar Sudan, a gaɓar kogin Nil Azrak, kudu kaɗan da Sinnar. Kakannin kakannina suna cikin jama'ar da ta biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Gabas suka nufa, Allah ya ajiye su a bakin wannan kogi. Mu kuma muka tashi muna Hausa a tsakar gida, Larabci a kasuwa da makaranta. Turanci shi ne na uku, kuma da bulala ya shige ni.

Ina yarinya ban san amfanin kalanda ba, don kowace rana da alamarta. Laraba mahaifiyata ke ƙulla mini kuɗin Laraba a bakin mayafi in kai wa malam. Alhamis allo yana jingine, ranar wanki da kitso ke nan. Juma'a gari ya cika da ƙanshin turaren wuta da fararen jallabiyoyi. Asabar a koma boko, domin a lokacin Juma'a kaɗai ake hutu. Sai a 2008, ina sabuwar malama, gwamnati ta ƙara mana Asabar, makon aiki ya koma farawa daga Lahadi.

Ranar da aka fara koya mana sunayen ranaku da Turanci, na rubuta ranar haihuwata yadda kunnena ya ji ta: Wensday. Malamin ya ba ni biyar a tafin hannu, ya ce in rubuta Wednesday sau hamsin. Bai gaya mini abin da ya sa ake rubuta harafin da ba a faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Abin dariya, wannan yarinyar ce ta girma ta yi karatun koyarwa a Hantub, tsallaken kogi daga Wad Madani, ta zama malamar Turanci a wata firamare a kudancin Khartum. Shekara goma sha biyar ina koyar da darasin ranakun mako. Minti arba'in yake ɗaukata: in rubuta kalmomi bakwai, a rera su, a kwafa, a wuce shafi na gaba. A ganina babu darasin da ya kai shi sauƙi.

Maigidana tela ne. Shekara huɗu kafin yaƙin 2023 ƙodarsa ta daina aiki, aka sa shi a layin wankin ƙoda sau biyu a mako, Lahadi da Laraba, awa huɗu a kan na'ura. Likitocin Sudan da Turanci suke rubutu, don haka katinsa yana ɗauke da kalmomi biyu a gajarce: Sun da Wed. Tun daga nan makonmu ya rataye a kan waɗannan ƙusoshi biyu. Talata da dare ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi ya yi nauyi. Laraba da yamma ya dawo a galabaice, Alhamis ya warware har ya hau keken ɗinki yana tsokanar ɗanmu. Ruwan da zai sha a rana da kofi nake aunawa, a zafin Khartum, mutum yana kallon tulu kamar mai kallon amarya. A zauren jira nake duba littattafan ɗalibaina, har matan da muke haɗuwa suka sa mini suna mai jan biro.

Asabar 15 ga Afrilu 2023, ashirin da huɗu ga azumi, muka wayi gari da ƙarar da ba mu taɓa jin irinta ba. Sojoji da dakarun Da'am Sari', wato RSF, sun kaure a tsakiyar birni. Maƙwabta na maganar jirage da gadoji, ni kuwa abu ɗaya ke yawo a kaina: gobe Lahadi ce.

Bayan ƙaramar salla muka tattara abin da hannu zai ɗauka muka tafi Wad Madani, tafiyar kusan kilomita 190. A can aka samu na'ura, amma masu jira sun ninka. Sau biyu ya koma sau ɗaya, awa huɗu ta koma biyu. Muka lallaɓa a haka har Juma'a 15 ga Disamba, da aka fara jin harbi daga gabashin kogi. Cikin kwana uku-huɗu gari ya watse. Muka bi ayari zuwa Sinnar, daga nan gida Maiwurno.

A nan na yanke shawarar da har yau nake juya ta in dare ya yi. Mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Larai, ki zauna. In mutuwa ce, a cikin dangi ta fi daɗi." Shi kansa maigidan ya ce ya gaji. Ni na dage. Na ji labarin ana wanki a Gadarif, na ce ko a goye sai na kai shi. Muka bi ta Sinja da Dindir a bayan wata babbar mota, yana kwance kansa a cinyata, ƙura na shiga masa hanci. Ban sani ba ko kwana na ƙara masa ko wahala. Abin da na sani shi ne ban iya zama in ƙirga Larabobi suna wucewa ba.

A Gadarif aka sauke mu a wata makarantar firamare da ta zama masaukin 'yan gudun hijira, kamar makarantu da yawa a lokacin. Iyali huɗu a aji ɗaya, zannuwa ne bango tsakaninmu. Mu aka ba kusurwar gaba, ƙarƙashin allo. A farkon Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke. Ɗan'uwana da ke Jidda shi ke turo mana kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, to babu layi babu Bankak, ga kayan wankin sai mai jinya ya nemo. Lahadi ta wuce mu. Na sayar da 'yan kunnena aka ba mu Laraba da safe. Daren Larabar, bayan isha'i, ya ce in ba shi ruwa. Na ɗauko kofin awo, ya yi murmushi ya ce, "Cika shi." Na cika. Kafin tsakar dare ya rigaya mu.

Takardar da aka ba ni ta ce Talata ya rasu. Na daɗe ina jin haushin takardar nan.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, a kusurwar aji. Abin da ba a gaya wa mutum game da gudun hijira shi ne ranaku suna rasa sunansu. Ba makaranta, ba aiki, ba kasuwar da za ka ce yau take ci. Layin ruwa da safe, layin abincin takiyya, wato wurin girkin sadaka, da rana, sauro da dare. Ni kuma ƙusoshin da makona ke rataye a kai an zare su duka biyu. Wayata ta mutu ban damu in kai ta caji ba. Wata dattijuwa Bahaushiya daga wani ƙauyen Jazira, wadda muke raba zane da ita, ita ta ɗauki nauyin lissafin takabata. Duk magariba sai ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a cikin gwangwanin madara. Ƙarar faɗuwarsa kaɗai ke gaya mini wata rana ta wuce. Inna nake kiranta.

Wata safiya ɗana, mai shekara goma, ya tambaye ni, "Umma, yau wace rana?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Ya tambayi na bayan zane, wata ta ce Litinin, wata ta ce Alhamis, suka yi ta musu har aka bar zancen. Malamar da ta shekara goma sha biyar tana rubuta kwanan wata a kusurwar allo kowace safiya! Na juya fuskata bango.

Da yamma Inna ta zauna a bakin tabarmata. Ta ce, "'Yar nan, takaba ta hana ki fita, ba ta ɗinke miki baki ba. Ga allo a kanki kun mai da shi wurin rataye tsumma, ga yara suna yawo kamar awakin da ba mai su. Kwanciyar nan ba za ta dawo da shi ba." Na ce, "Inna, ba ni da alli, ba ni da littafi, ba ni da zuciya." Ta ce, "Biyun farko zan nemo." Kashegari ta dawo da guntayen alli da ta roƙo wurin mai gadin makarantar, da kwalayen da aka zubar bayan rabon kayan agaji, da gawayi.

Yara tara na fara da su, rabinsu 'ya'yan Hausawa, sauran daga Khartum da Jazira, masu Larabci kaɗai. Wasu sun taɓa fara Turanci a aji uku, wasu ko a b c ba su sani ba, kuma dukansu sun kusa shekara ba su zauna a gaban malami ba. Na zaɓi ranakun mako saboda raggon dalili: shi ne darasin da zan iya yi ba tare da na yi tunani ba. Na rubuta bakwai ɗin, muka rera, suka haddace cikin kwana biyu. Sai na wuce zuwa abin da ke biye a tsarin da na saba, wato me kake yi a kowace rana. Na tambayi wani yaro, "What do you do on Monday?" na fassara masa. Ya ce, "Layin ruwa." Talata fa? "Layin ruwa." Laraba? Yara suka fashe da dariya. Wata yarinya mai kaifin baki ta ce, "Ustaza, mu ai ranarmu ɗaya ce, ita ke ta dawowa."

Maimakon in tsaya in saurari abin da ta faɗa, sai na koma ga jimlolin da na haddace daga littafi. Na rubuta: I go to school on Sunday. I visit my grandmother on Friday. My father goes to work every day. Ban gama sa aya a ta ukun ba na ji motsi a bayana. Ɗana ne ya tashi ya fita. Wani yaron da mahaifinsa ya ɓace tun Madani ya bi shi. Na tsaya da alli a hannu, ba ni da ikon bin su ko bakin ƙofar makaranta. A rayuwata ta koyarwa ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kwana uku ban taɓa allon ba.

A kwana ukun nan na gane kuskurena. Jimlar "ina yin kaza duk ranar kaza" an gina ta ne don mutumin da ke da mako. Yaran nan ba su da shi, ni ma ba ni da shi. Ko dai in sa su haddace ƙarya, ko kuma mu nemo makon tukuna, sannan mu faɗe shi da Turanci. Na kira su na ba su haƙuri, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Na ce kowace rana sai mun ba ta aikinta, wanda ba a yi sai a cikinta.

Su suka tsara, ni rubutu kawai na yi. Lahadi sharar filin makaranta. Litinin dama takiyya miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, take dafawa, sai muka bar mata ita. Talata wankin kaya, in ruwa ya samu. Alhamis ƙwallo, da wata ƙwallon tsumma da suka naɗe da leda. Juma'a wanka da masallaci. Asabar Inna ta yi tatsuniya, ni in fassara wa marasa Hausa. Da aka zo Laraba na ce a bar ta tukuna, za mu dawo kanta. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Ina jin iyayensu sun gaya musu.

Daga nan jimlolin suka zama na gaskiya. We sweep on Sunday. We eat adas on Monday. Ban wahalar da su da neman sunan adas a Turanci ba a makon farko, abin da nake so su kama shi ne ƙaramar kalmar nan on, wadda ke zaman "ranar" a bakinmu. Daga baya na kawo every, na ce ita ce "duk" ko "kowace", don su bambanta abin da za a yi ranar Litinin mai zuwa da abin da ake yi duk Litinin. Wutsiyar s da ake liƙa wa aikatau in mutum ɗaya ake magana a kansa, ita ce ta fi ba mu wuya, kamar yadda take ba kowa. Tun da na rantse ba zan ƙara kawo uba a misali ba, sai Inna ta zama abin misalinmu: She tells stories, she sells groundnuts, she counts. Tana jin an ce she sai ta ɗago kai ta ce, "Me kuma na yi?"

Dabarar da ta fi kowace aiki daga gida na ɗauko ta. Na ce kowa ya je ya tambayi uwarsa ranar da aka haife shi. Washegari na raba musu sunayen rana irin namu: Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu da Ɗantala, Larai da Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. 'Ya'yan Larabawa suka ce su ma sai an ba su. Akwai yarinyar da ba ta da wanda za ta tambaya, Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wannan da ganinta Jummai ce," magana ta ƙare. Kowa ya rubuta ranarsa da gawayi a kan kwali ya rataya a wuya da zare. In na ce su jeru, sai mako ya tsaya a gabana da ƙafafunsa. Karon farko sun jeru daga dama zuwa hagu yadda ake rubutun Larabci, wanda ya karanta su da Turanci sai ya ga mako yana tafiya da baya. Babban baƙi a farkon sunan rana shi ma sai da muka sha fama, don Larabci ba shi da babba da ƙarami. Na ce musu ranaku a Turanci manyan mutane ne, ba sa fita ba rawani.

Tuesday da Thursday kuwa, duk malamin Turanci ya san tagwayen masifa ne. A Khartum na saba amfani da wata dabara da na tsinta a wani taron horar da malamai, wai a ce wa yara Tuesday tana kama da two. A nan na ga ɓarnarta. Dabarar ta masu fara ƙirga mako daga Litinin ce. Mu sunayen ranakunmu lissafi ne daga Lahadi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sannan Juma'a da Asabar. Ka ce wa yaron da ya san isnain biyu ce a Larabci wai Tuesday biyu ce, ai Litinin ka nuna masa. Shekara nawa ina rikita 'ya'yan mutane ban sani ba! Muka sauya: Talata da Tuesday duk ta ce tsurarta, Alhamis kuwa tana da ha a ciki, Thursday ma tana da h. Kuma ita ce ranar da ake halatta fito da harshe a gaban malama, don sautin farkonta sai an sa harshe tsakanin haƙora. Ranar Alhamis duk wanda ya wuce ta tagarmu sai ya ga yara goma sha biyar sun zaro harshe suna huci.

Wajen I pray on Friday aji ya rabu biyu. 'Ya'yan Hausawa su ce fray, 'ya'yan Larabawa su ce bray, kowane ɓangare yana yi wa ɗaya dariya. Na yayyaga takarda sirara, kowa ya riƙe a gaban leɓensa, in p ta fito daidai takardar za ta yi tsalle.

Cikin azumi wani dattijo malami, wanda ke jan salla a filin makarantar, ya aiko matarsa ta tambaye ni ko gaskiya ne sunayen nan na gumaka ne. Na ce a gaya wa Baba Malam gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Sunday da Monday rana ce da wata. Tuesday, Wednesday, Thursday da Friday daga sunayen abubuwan bautar mutanen arewacin Turai na dā aka samo su, Tiw da Woden da Thor da Frigg. Saturday kuma daga Saturn na Rumawa. Amma masu faɗarsu yau rana kawai suke nufi, kuma su ne a rubuce a katin asibiti da takardar ganin likita da fuskar waya. Kwana biyu shiru, na ɗauka an rufe ajin ke nan. Rana ta uku sai ga jikansa da kwali a hannu, da saƙo: a koya masa ya riƙa karanta wa kakansa katin asibiti, amma Juma'a dai Juma'a ce.

Duk wannan lokaci Laraba tana nan fayau a jadawalinmu. Muna rera sunanta a jere, amma ban taɓa tsayawa a kanta ba. Yarinyar nan mai kaifin baki ce ta tsayar da ni. Ta rubuta Wensday a kwalinta, daidai yadda na rubuta shekara talatin da suka wuce. Na zauna kusa da ita na ce a rubutu gaɓa uku ce, Wed, nes, day, a baki kuma biyu ce, akwai d a ciki amma ba a jin ta. Ta ƙura wa kalmar ido, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ustaza, ashe d ɗin takaba take yi. Tana ciki, ba ta fita."

Matan bayan zane suka yi tsit. Uwarta ta yunƙuro za ta make ta. Ni kuwa dariya ta kubce mini, irin wadda ke fita da hawaye da majina, ta farko tun daren da na cika kofi. Har na bar makarantar nan ba yaron da ya ƙara mantawa da wannan d.

Mako na gaba wata ta rubuta cewa suna karanta Yasin on Friday night, tana nufin daren Juma'a. Na fara yi musu bayani cewa mu da magariba rana ke shiga, shi ya sa daren Juma'a yake riga yinin Juma'a, su kuwa masu Turanci sai ƙarfe goma sha biyun dare suke sauya rana, don haka daren Juma'armu a wurinsu Thursday night ne. Ina cikin faɗa na ji maganar ta dawo kaina. Takardar nan da na yi wata biyu ina jin haushinta ba ƙarya ta yi ba. A lissafin agogo Talata ya rasu. A lissafinmu ya riga ya shiga Larabarsa. Na ce yara su kwafa abin da ke allo, na koma bayan zane na ɗan jima.

Laraba ta gaba na buɗe jakata na ciro katinsa. Ya yi laushi, gefensa ya cinye. Na ce yau za mu koyi yadda likitoci ke gajarta ranaku: Sun, Mon, Tue, Wed, Thu, Fri, Sat. Na miƙa katin ya zagaya hannu hannu. Da ya iso wurin ɗana ya daɗe yana kallo, sannan ya karanta da ƙarfi, "Sunday and Wednesday." Ya ce, "Umma, yaya ake cewa yana zuwa a dā?" Darasin bai kai nan ba, ya fi ƙarfin ajin, amma na rubuta masa: He went every Wednesday. Ya kwafa a bayan kwalinsa. Tun daga ranar Laraba ta sami aikinta: kowa ya kawo katin asibitin wani nasa, ko kwalin magani, mu karanta tare. Iyaye mata suka fara leƙowa da nasu katunan a ƙunshe cikin leda.

Gwangwanin Inna ya cika 'yan kwanaki bayan babbar salla. Ta zazzage ƙwallayen a tabarma ta ƙirga sau biyu, ta ce, "Kin fita, 'yar nan." Niyyata in koma Maiwurno wurin mahaifiyata. Ban gama shiri ba, ƙarshen Yuni 2024, yaƙi ya shiga Sinja, hanyar da muka biyo ta toshe, mutanen Sinnar da Dindir suka kwararo Gadarif cikin ruwan sama. Wanda bai taka baƙar lakar Gadarif da damina ba bai san laka ba, takalmi take cirewa ta riƙe. Kwalara ta biyo baya. Ajinmu ya haura arba'in, alli ya ƙare, muka koma gawayi zalla. Ban iya bin kowa ba, sai na raba sababbin ga tsofaffin: kowane Ɗanlami ya karɓi 'yan Alhamis, kowace Asabe ta karɓi 'yan Asabar. Na ji da kunnena wani ɗan shekara tara yana gaya wa sabon zuwa, da muryata sak, cewa rana ba ta fita ba rawani.

Da sojoji suka koma Wad Madani a 11 ga Janairu 2025, sannan Khartum a watan Maris, masauki ya fara raguwa. Inna ta tafi da ayarin farko, ta bar mini gwangwanin. Ni ban koma Khartum ba. Kabarinsa yana nan, kuma ban shirya ganin keken ɗinkinsa ba, in ma yana nan. Na je Maiwurno na ga mahaifiyata, ba ta tayar da zancen shawarar da na yanke ba, ni ma ban tayar ba. Na dawo na kama ɗaki a unguwar da Hausawa suka fi yawa, na kafa rakuba, wato rumfa, a ƙofar gida. Yara na zuwa da yamma, iyayensu mata da hantsi. Darasin da nake gamawa a minti arba'in yanzu wata guda yake cinye mini, kuma ba na fara shi sai na tambayi mutum yadda makonsa yake, in ba shi da shi mu nema masa.

Laraba ba na koyarwa da safe. Nakan dafa shayi a fulas in kai zauren jiran masu wankin ƙoda, in zauna da matan da ke jiran mazansu, wadda ba ta iya karanta kati ba in karanta mata. Makon jiya na ba yara aikin gida su rubuta abin da wani nasu ke yi a mako. Ɗana ya kawo nasa a ƙarshe, bayan kowa ya tafi. Layi ɗaya ne: My mother go to the hospital every Wednesday. Rawanin yana nan, d tana nan a ɗakinta. Na ɗauko jan biro na ƙara masa es a bayan go, na ce ya je ya ɗebo ruwa kafin mai kura ya wuce.